Gadarif: yadda mai dabara da mai jari ke haɗuwa a bakin gahawa

A manyan biranen duniya akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin matasa masu kafa sabbin kamfanoni: su tsayar da rana da wurin shan shayi ko gahawa, duk mai sha'awa ya zo, babu takardar gayyata, babu kuɗin shiga, babu shugaban taro. Mai dabara ya faɗi abin da yake ginawa, mai kuɗi ya saurara, in an dace a sake haɗuwa. A Gadarif da ke gabashin Sudan irin wannan zama ya girmi kalmar kamfanin zamani nesa ba kusa ba. Garin cibiya ce ta noman dawa da riɗi, kuma kowace damina sai an nemi jari mai yawa kafin a jefa iri a ƙasa. Kaso mai tsoka na wannan jari ana ƙulla maganarsa ne a kan ƴan kujerun mai shayi, a zauren baƙi, ko a gefen kasuwar amfanin gona, kafin a kai ga banki ko takarda.

Asalin al'adar a ƙasashen waje

Cikin tarukan da suka yi suna akwai First Tuesday, wanda aka soma a Landan a 1998, lokacin da kamfanonin intanet ke tashe. An riƙa yin sa ne a Talatar farko ta kowane wata, kuma daga nan ya samo sunansa. A 2007 wani mai zuba jari, Saul Klein, ya ƙirƙiro OpenCoffee Club, shi ma a Landan, da nufin sauƙaƙa wa matasa ganin masu kuɗi ba tare da sun bi ta ofis da sakatare ba. Cikin ɗan lokaci aka kwaikwayi tsarin a birane da dama.

Abin da ya haɗa waɗannan taruka abu uku ne. Wuri da lokaci ba sa canjawa, don haka kowa ya san inda zai samu mutane. Ba a sa hannu kan wata yarjejeniya a wurin. Sannan babban abin da ake samu shi ne sanayya: wane ne ke cika alkawari, wane ne ya iya aikinsa, wane ne zai haɗa ka da wane. Duk ukun akwai su a Gadarif, sai dai da tufafin gida.

Garin da kasuwa ta haifa

Gadarif na da nisan fiye da kilomita 400 daga Khartum, a kan babbar hanyar da ta bi ta Wad Madani ta wuce Kassala har Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Daga garin zuwa Gallabat, mashigar kan iyaka da ke fuskantar Metema ta Habasha, kimanin kilomita 160 ne. Tun asali kasuwa ce ta tara mutane a wurin, shi ya sa a da ake kiran garin Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar ƙabilar Shukriyya. Layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ya haɗa shi da Kassala da Sennar.

Abin da ya canja fasalin yankin shi ne noman inji. A tsakiyar shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka soma noma da tarakta a filayen Gadambaliya don samar da hatsi. Ƙasar baƙar laka ce mai riƙe ruwa, shimfiɗaɗɗiya, ba ta buƙatar ban-ruwa in damina ta yi kyau. Daga baya gwamnati ta riƙa yanka filaye tana ba ƴan kasuwa haya, galibi fadan 1,000 zuwa 1,500 kowace gona. Fadan ɗaya ya kai kusan kashi 42 cikin 100 na hekta, ke nan gona mai fadan 1,000 ta kai hekta 420. A 1968 aka kafa Hukumar Noman Inji da tallafin Bankin Duniya, kuma a cikin shekarun 1960 aka gina katafaren rumbun hatsi na Gadarif da taimakon Tarayyar Sobiyet, mai ɗaukar tan 100,000.

Wannan tarihi ne ya sa manomin Gadarif ya fi kama da ɗan kasuwa. Mai gona mai ɗaruruwan hekta yana buƙatar man dizal, kayan gyaran tarakta, iri, abincin ma'aikata, da kuɗin leburorin girbi, waɗanda da yawansu daga Habasha suke tsallakowa. Duk wannan kashe kuɗi ne na watanni kafin a ga buhu ɗaya. In ruwa ya yanke, komai ya tafi. Wato kowace damina sabon kamfani ce mai kasada, kuma kowace shekara sai an sake neman wanda zai yarda ya zuba kuɗi.

Wuraren da ake zama

Wuri na farko shi ne wajen mata masu shayi, waɗanda ake kira sittat al-shai da Larabcin Sudan. Suna kafa murhu da ƴan kujeru a gindin itace, a bakin kasuwa, kusa da bankuna da tashoshin mota. A gabashin Sudan gahawa ta fi daraja: ana soya ƙwayar, a daka ta, a dafa da citta a wata ƴar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake kira jabana, a zuba a ƙananan kofuna. Ba a shan jabana da gaggawa, kuma wannan jinkiri shi ne ke ba da damar hira. Kowane rukuni na da wurin zamansa. Mai neman direban tarakta ya san inda zai je, mai neman dillalin riɗi ma haka.

Na biyu shi ne karin kumallo, fatur, wanda a Sudan ake ci da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. Abokan sana'a kan haɗu a kan kwano ɗaya na ful, wato dafaffen wake da man riɗi da burodi. Wanda aka kira ya sa hannu a kwanon attajiri ya samu ƙofar da ba kowa ke samu ba.

Na uku shi ne diwan, zauren baƙi na gidajen manya, inda ake zama bayan sallar magariba ko ranar Juma'a. Haka nan ɗaurin aure, zaman makoki, da buɗa-baki na watan azumi, wanda ƴan Sudan suka shahara da yin sa a kan tabarmi a bakin titi, kowa ya zo ya ci. A irin waɗannan wurare ne ake gabatar da ɗan wane ga wane.

Na huɗu, kuma mafi girma, ita ce kasuwar amfanin gona, Suk al-Mahasil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi da riɗi a Sudan. Ana sayar da kaya ta hanyar gwanjo: a duba samfuri, wakilan kamfanonin da ke fitar da kaya waje su yi tayi. Ana auna riɗi da kintar, wanda ya kai kusan kilo 45, dawa kuma da ardab. A farkon kaka hukumomin jiha kan buɗe kakar cinikin riɗi da kaɗa ƙararrawa. Farin riɗin Gadarif na da suna a kasuwannin Sin, Masar, Turkiyya da ƙasashen yankin Gulf. Gwanjon kansa na da doka da hukuma, amma abin da ke kewaye da shi, hira tsakanin manomi, dillali, mai babbar mota da mai rumbu, a nan ne ake shirya damina mai zuwa.

Kalandar neman jari

Zaman Gadarif na bin yanayin ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni ake neman kuɗi: gyaran injuna, tanadin man fetur, bin takardun banki. A Yuni da Yuli ake shuka, garin ya ɗan yi shiru don masu gonaki sun koma sansanoninsu na daji, wasu hanyoyin ma laka ta rufe su. A Agusta da Satumba buƙata ta biyu ke tasowa, ta kuɗin cire ciyawa, kuma a nan ne wanda lissafinsa ya gaza ke karɓar bashi mafi tsada. Oktoba da Nuwamba na girbin riɗi ne, aikin da ba ya jira, don in kwanson ya bushe a gona sai ya fashe ƙwayar ta zube. Daga Disamba zuwa farkon sabuwar shekara ake girbin dawa, a biya basussuka, a san wanda ya ci da wanda ya faɗi. Mai sabuwar dabara da ya zo neman jari a Agusta ya makara. Lokacin da attajirai ke da kuɗi a hannu da natsuwar sauraro shi ne bayan kaka.

Hanyoyin da kuɗin ke fitowa

Hanya mafi tsufa ita ce shel. Ɗan kasuwa ya ba ƙaramin manomi kuɗi, hatsi ko kayan masarufi a tsakiyar damina, a kan zai biya da amfanin gona a farashin da aka yanke tun ranar, wanda yawanci ya yi ƙasa sosai da farashin kaka. Manoman ƙasar Hausa sun san wannan bashi na kaka da irin ɗacinsa. Shel ba ya buƙatar jingina ko takarda, shi ya sa ya daɗe, amma shi ne kuma ke riƙe manomi a hannun mutum ɗaya shekara da shekaru.

Ta fuskar hukuma akwai Bankin Noma na Sudan, wanda aka kafa a 1957 ya soma aiki a 1959. Tun da aka mayar da bankunan ƙasar kan tsarin Musulunci, tafiyar da ta faro da bankin Faisal a ƙarshen shekarun 1970 ta kuma game ko'ina a farkon shekarun 1990, babbar hanyar ba manoma jari ita ce salam: banki ya sayi amfanin gonar tun kafin a noma shi, ya biya kuɗin nan take, manomi ya kawo buhunan bayan girbi. Kowace shekara ana tafka muhawara tsakanin ƙungiyoyin manoma da banki kan farashin salam, domin hauhawar farashi na iya mayar da kuɗin Yuni ba komai ba a Disamba. Akwai kuma murabaha, inda banki ke sayen tarakta ko taki ya sayar wa manomi da riba sananniya, a biya daga baya.

Hanyoyi biyu da suka fi kama da abin da masu zuba jari na zamani ke yi su ne musharaka da mudaraba. A musharaka, kowane ɓangare na kawo nasa, wani fili, wani inji, wani kuɗi, a raba riba bisa yarjejeniya, asara kuma gwargwadon jarin kowa. A mudaraba, ɗaya ke kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki da ƙwarewa. In an yi asara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Ƴan kasuwa na ƙulla irin wannan haɗin gwiwa a tsakaninsu ba tare da banki ba, shaidu su ne abokan zama.

Ga masu ƙaramin ƙarfi, musamman mata, akwai sanduk, wato adashi, da nafir, wato gayya. A 2007 Babban Bankin Sudan ya umurci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na jarin da suke bayarwa ga ƙananan sana'o'i, daga baya kuma aka kafa Bankin Iyali don wannan manufa.

Akwai haɗari guda da duk mai neman jari a Sudan ya sani. Mai ba da bashi kan karɓi cak a matsayin lamuni, kuma bisa dokar laifuka ta 1991, cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne. Manoma da dama sun shiga kurkuku a shekarun fari saboda haka. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa mutane fifita jarin ɗan'uwa ko na abokin zama, wanda za a iya kai wa dattawa su nemi sassauci.

Hausawan Gadarif

Jihar Gadarif na daga cikin yankunan Sudan da Hausawa suke da yawa. Kakanninsu sun zo ne ta hanyar aikin hajji a ƙasa, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas har ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile. Daga can, da kuma daga gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, jama'a suka bazu zuwa gaɓar kogin Rahad da na Atbara da cikin garin Gadarif. An san su da noma, lambu, kamun kifi da ƙananan sana'o'i.

Sun zo da nasu tsarin na haɗa mai dabara da mai jari, wanda ya daɗe a fataucin Hausa: maigida da yaransa. Yaro ya yi shekaru yana hidima a shago ko a gona, maigida ya gwada amanarsa, sannan ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Masallacin unguwa, zauren mai unguwa da majalisar yamma su ne wuraren da ake sanin halin mutum. Sai dai manyan filayen noman inji tun farko sun fi faɗawa hannun ƴan kasuwar birni masu kuɗi da kusanci da gwamnati, don haka ƙananan manoma na ƙauyuka, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, sun fi dogaro da shel da adashi.

Salon zamani daga Khartum

Taruka irin na ƙasashen waje sun soma ne a babban birni. Takunkumin tattalin arziki da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 ya daɗe yana raba matasan ƙasar da bankuna da manhajojin duniya. An ɗage shi a Oktoban 2017, kuma a Disamban 2020 aka cire ƙasar daga jerin masu tallafa wa ta'addanci. A wannan tsakani cibiyoyi irin su Impact Hub Khartoum da 249Startups suka riƙa shirya zaman horo da haɗuwa da masu jari, ga kuma shirin Orange Corners na gwamnatin Holan. Sakamakon ya soma bayyana: a 2021 kamfanin alsoug ya samu jarin dala miliyan 5 a zagayen da kamfanin Fawry na Masar ya shiga, a 2022 kuma kamfanin hada-hadar kuɗi na Bloom ya tara dala miliyan 6.5.

Wannan motsi ya fi tsayawa a Khartum. Gadarif na da jami'a tun 1994, tana yaye masana aikin gona, lissafin kuɗi da kwamfuta, amma mai kuɗin garin ya saba zuba jari a abin da yake iya gani da aunawa: buhu, tarakta, rumbu. Saboda haka dabarun da suka fi samun kunne su ne masu warware matsalar da attajirin kansa ke fama da ita, kamar hayar injin noma, tsaftace riɗi da matse mansa, sanar da farashin kasuwa ta wayar salula, famfo mai aiki da hasken rana, da samar da ruwan sha, wanda ƙarancinsa tsohuwar matsala ce a garin.

Abin da yaƙi ya canja

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tarwatsa cibiyoyin Khartum. Wasu matasan suka tafi Alƙahira, Nairobi, Kampala da ƙasashen Gulf, wasu suka koma jihohin gabas. Faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024 sun turo dubban ɗaruruwan mutane zuwa jihar Gadarif, wadda ke ɗauke da ƴan gudun hijirar Tigray tun Nuwamban 2020 a sansanoni irin su Um Rakuba. Garin ya ci gaba da zama a hannun sojoji, duk da hare-haren jirage marasa matuƙi da aka kai masa a 2024.

Cikin masu zuwa akwai likitoci, injiniyoyi, ma'aikatan banki da ƴan kasuwa. Wuraren shan shayi suka cika da baƙin fuska, kuɗin hayar gida ya tashi, aka buɗe sabbin gidajen abinci da shaguna. A gefe guda bankuna sun raunana, darajar fam ta faɗi warwas, man fetur da taki suka yi tsada, tallafin bankin noma ya kasa biyan buƙata. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama hanyar biyan kuɗi ta yau da kullum, har a wajen mai shayi, kuma katsewar sadarwa ta Fabrairun 2024 ta nuna yadda ciniki ya dogara da ita. Da banki ya ja baya, sai nauyi ya koma kan jarin dangi, kuɗin ƴan'uwa da ke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf, da kuma amanar abokan zama. Sojoji sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris, wasu daga cikin baƙin suka soma komawa.

Inda tsarin ke da rauni

Zaman da aka gina kan sanayya na da arha da sauri, amma yana da ƙofa mai wuyar shiga ga wanda ba shi da mai gabatar da shi. Ɗan ƙauye, baƙo da ɗan gudun hijira na iya zuwa da dabara mai kyau su rasa mai tsaya musu. Mata su ne ke dafa shayin da ake hira a kansa, amma ba kasafai suke zama a diwan ba, don haka jarinsu ya fi tsayawa a matakin adashi. Yarjejeniyar baka kan haifar da saɓani in riba ta yi yawa ko asara ta yi tsanani. Sannan mai kuɗin da ya saba ganin sakamako cikin wata shida ba ya son jiran kamfanin da sai ya shekara uku kafin ya kawo riba.

Kwatanci da ƙasar Hausa

Mai karatu a Maraɗi, Damagaram ko Kano zai gane wannan hoto. Fada a Nijar da majalisa a arewacin Najeriya su ne takwarorin zaman jabana. Kasuwar Dawanau a Kano na yin irin aikin Suk al-Mahasil, har da cinikin riɗin da ke tafiya Sin. Alhazan Maraɗi, waɗanda masanin nan na Faransa Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, sun gina dukiyarsu ne da tsarin maigida da bara. A ɓangaren zamani, Yamai na da cibiyar CIPMEN tun 2014, Kano na da Startup Kano, Najeriya kuma ta sa hannu kan dokar sabbin kamfanoni a Oktoban 2022.

Nijar na da abu guda da ke rage zafin bashin kaka, wato tsarin jinginar hatsi da ƙungiyoyin manoma suka runguma tun ƙarshen shekarun 1990: a ajiye buhuna a rumbu mai kwaɗo biyu, a karɓi bashi a kansu, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Gadarif kuwa na da gwanjo a bainar jama'a da daɗaɗɗiyar ƙwarewa a haɗin gwiwar musharaka da mudaraba, waɗanda suka dace da mai kuɗin da ke gudun kuɗin ruwa. A duka wuraren matsalar ɗaya ce: matasan da ke taruwa a cibiyoyin zamani na da dabara ba su da kuɗi, attajiran kasuwar hatsi na da kuɗi amma ba sa zuwa cibiyoyin. Inda aka ga ci gaba, galibi wani ne da ɓangarorin biyu suka amince da shi, ɗan attajiri da ya yi karatu ko malamin jami'a da ke noma, ya ɗauki matashin ya kai shi wurin zaman manya, a lokacin da kaka ta cika aljihu.